Jirgin tsere ko jirgin iyali: zaɓen da ya ɗauki wani magidanci a Yamai shekara biyar

Asalin lamarin (kafin 2019)

Mutumin da wannan bayani ya shafa ɗan kasuwa ne, haifaffen yankin Ƙonni, wanda ya daɗe a Kwatano yana fitar wa 'yan kasuwar Nijar kaya daga tashar jiragen ruwa. A can ya koyi tuƙa jirgin ruwa mai tafiya da iska, irin wanda ake ɗaure wa babban zane a jikin jigo, iska ta hura shi ya tafi ba inji. Wani abokin aikinsa ne ya riƙa fita da shi ranakun Lahadi har hannunsa ya faɗa. Da ya ba hamsin baya ya tattara ya dawo Yamai a 2018, ya zauna a Yantala, inda 'yar tafiya kaɗan ce daga ƙofar gidansa zuwa bakin kogin Isa.

Abu biyu yake so. Kada tuƙin da ya koya ya ɓace masa, sannan ya riƙa fita da iyali bayan la'asar: Hajiya, 'ya'yan da ke gida, da jikoki in sun zo hutu. A lokacin yana ɗaukar su buƙata ɗaya ce, wadda jirgi ɗaya zai biya.

Sai dai kogin Yamai yana da halinsa, kuma duk abin da ya biyo baya ya rataya ne a kan wannan hali. Sau biyu yake cika a shekara. Cikar farko ita ce jan ruwa na Agusta da Satumba, wanda rafukan Gorouol, Dargol da Sirba ke kwararowa da shi daga ɓangaren Burkina Faso, mai laka da ƙarfi, yana tafe da itace da kainuwa. Ta biyu ita ce ruwan da ya sauka a tsaunukan Gini tun damina, ya yi watanni yana ratsa fadamun Mali, bai kai ƙololuwarsa a Yamai sai wajajen Janairu. Daga nan ruwa sai ja da baya, har zuwa Mayu da Yuni lokacin da tuddan yashi ke fitowa tsakiyar kogi, yara su riƙa buga ƙwallo inda jirage ke wucewa da hunturu. Tsofaffin masunta ba su manta da 1985 ba, shekarar da kogin ya daina gudu gaba ɗaya a Yamai.

Ita kuwa iska, a Yamai kogin daga arewa maso yamma yake gangarawa kudu maso gabas, iskar hunturu kuma daga arewa maso gabas take busowa. Ke nan ta gefe take bugun jirgi, ko hawa yake ko gangara. Ga matuƙin jirgin iska babu abin da ya fi wannan daɗi, kuma shi ne ya fara jan hankalin Alhajin.

Ƙarshen 2019: tayi biyu

Cikin wata guda aka yi masa tayin jirage biyu.

Na farko wani Bature ne da kwangilarsa ta ƙare yake neman kai da shi: ƙaramin jirgin tsere samfurin Laser, wanda Bruce Kirby ya zana, ake kuma tsere da shi a gasar Olamfik tun 1996. Tsawonsa mita 4.23, nauyin gangar jikinsa wajen kilo 59, faɗin zanensa murabba'in mita 7 da ɗan ɗoriya. Mutum ɗaya yake ɗauka. Yana da wani allo da ake zurawa ta tsakiyarsa ya shiga ruwa kusan santimita 80, shi ke hana iska tura jirgin gefe. Mutum biyu za su ɗora shi bisa rufin mota.

Na biyu yana can Kwatano, na wani tsohon abokin hulɗarsa: jirgin shaƙatawa mai tsawon mita 9, da ɗaki a ciki, da gadaje huɗu, da ɗan murhu da makewayi, da injin gazuwal na ko-ta-kwana. Nauyinsa wajen tan 4. A ƙasansa akwai ƙafar ƙarfe mai nauyi wadda ba a cirewa, ita ke hana shi kifewa, tana nutsewa mita ɗaya da rabi. Jigonsa ya haura mita 12 daga saman ruwa.

Hajiya ta ga hotunan biyu a waya, ta nuna babban. "Maigida, wancan ƙaramin ina za mu zauna?" Bai ba ta amsa ba. Kuɗin babban ya ninka na ƙaramin sau da yawa, ga ɗauko shi daga nisan fiye da kilomita 1,000 ta Parakou, Malanville, Gaya da Dosso. Ya yanke shawarar fara da ƙaramin, in ya gane kogin sai ya waiwayi babban.

Janairu zuwa Yuni 2020: jirgin tsere

Watanni biyun farko sun yi kyau ƙwarai. Ruwa a cike, hunturu na busawa. Ƙaramin jirgi mara nauyi irin wannan in iska ta samu ba ya tsaga ruwa kamar sauran jirage, ɗagowa yake ya riƙa sulɓi bisa fuskar ruwan, kamar dokin sukuwa da aka sakar wa linzami. Masu wanki da masu lambu na bakin gaɓa sukan tsaya kallo. Yara suka sa masa suna Alhaji mai tuta.

Matsalolin sun zo ɗaya bayan ɗaya. Ta farko lokacin iska: iskar hunturu da hantsi take ƙarfi, daga wajen ƙarfe tara zuwa azahar, sai ta yi ta raguwa, kafin magariba ta kwanta. Lokacin da yake da sukuni, wato bayan la'asar, shi ne lokacin da babu abin da zai tura jirgin sai ruwa, ruwa kuma gangara kawai ya sani. Ya sha dawowa gida a ɗaure bayan kwale-kwalen masunta daga wajen Gamkale. Sannan gaɓar hagu, wadda birni ke bisanta, tudu ce. Tana tare iskar, ta sake ta gutsure-gutsure ta tsakanin gine-gine da itatuwa. Jirgi na tafiya lafiya sai iska ta ɗauke, matuƙin da ya jingina waje ya faɗa ruwa da baya. Ko ta zo bagatatan ta kwantar da jirgin.

Kifewa a jirgin tsere ba abin mamaki ba ne, an ƙera shi ne yadda mutum zai taka allon ƙasa ya tashe shi ya hau. A teku ko tafkin Turai wasa ne. A kogin Isa akwai dorina. Mutanen Yamai na tuna abin da ya faru a 2014 kusa da Libore, inda dorina ta kifar da jirgi, fiye da mutum goma suka rasu, akasarinsu yara 'yan makaranta. Akwai kuma tsargiya a ruwan gefe mai kwanciya, kuma kafin bazara sai da likita ya rubuta masa maganinta. Ga jiki: tuƙa Laser cikin iska na nufin mutum ya saƙale ƙafafu a ɗamara ya miƙe bayansa waje bisa ruwa na tsawon lokaci. Gwiwa da ƙugun mai shekara hamsin da wani abu suka fara kuka.

Daga Afrilu allon ƙasa ya fara cin yashi. In ya ɗage shi rabi, jirgin sai ya riƙa zamewa gefe. Wata rana cikin gudu allon ya daki tudun yashi, bakin ramin da yake shiga ya tsage. A Mayu ya jingine jirgin a gareji.

Iyali kuwa ko sau ɗaya ba su hau ba, in ban da babban ɗansa da ya fara koyo.

Agusta 2020 zuwa ƙarshen 2022: jirgi a gareji

Daminar 2020 ta zo da ambaliyar da Yamai ba ta taɓa auna irinta ba. A farkon Satumba ruwa ya kai wajen mita 7 a ma'aunin birnin, ya fasa shingaye, ya ci unguwanni irin su Lamorde, Kirkisoye da Saga. Kwale-kwale da yawa sun tsinke sun bi ruwa. A nan ƙaramin jirgin ya nuna amfaninsa ɗaya da ba a yi lissafi da shi ba: yana gida a bushe, babu mai kwana yana gadinsa.

Gyaransa ne ya zama aiki. Tsagewar dai an liƙe ta da irin ƙaron da masu gyaran jikin mota ke amfani da shi. Amma ƙarfen da ke riƙe allon juya akala da ya karye, da zanen da rana ta cinye har ɗinkinsa ya fara saki, babu su a kasuwar Katako, babu su a ko'ina cikin ƙasar. Sai an yi saƙo Faransa an jira mai zuwa. Masu zuwan ma sun ragu, ga korona, ga harin Kure na 9 ga Agusta 2020 da ya sa Turawa da yawa suka taƙaita zirga-zirga. Hunturun 2021 da na 2022 ya ɗan fita, galibi safiyar Lahadi. Ɗan ne ya fi shi hawa.

2023: komawa ga babban jirgi

A farkon 2023 ya je Kwatano, ya tarar babban jirgin na nan bai samu mai saye ba, farashi ya sauko. Ya kwana a cikinsa, ya fita da shi teku, ya ba da kafin alƙalami. Lissafin ɗauko shi bai yi daɗi ba: babbar mota mai shimfiɗaɗɗen baya, ƙugiyar ɗagawa a can da wata a nan, gadon ƙarfe da za a kafa jirgin a kai saboda ƙafarsa, kuɗin duwan, da na hanya. Jimillar ta doshi rabin kuɗin jirgin. Duk da haka aka sa rana, bayan damina.

Ranar 26 ga Yuli sojoji suka karɓi mulki a Nijar, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, CEDEAO, ta sa takunkumi, aka rufe gadar Malanville. An ɗage takunkumin a Fabrairun 2024, amma Nijar ta bar iyakarta da Benin a rufe. Kaya suka koma bin Lome, su ratsa Burkina Faso cikin ayari da rakiyar soja. Ba direban da zai sa jirgin shaƙatawa cikin wannan layi, in ma ya yarda kuɗin ba na hankali ba ne.

Nuwamba 2023 zuwa Yuni 2024: awon kogi

Zaman jiran ne ya ba shi damar yin abin da bai yi ba tun farko. Ya ɗauki wani dattijo Basarke da ya san kogin tun yana yaro, suka sami gora mai tsawon mita uku, suka yi mata zobe da jan fenti kowane rabin mita. Duk wata sukan bi hanya ɗaya, daga gadar Janar Seyni Kountché da aka buɗe a 2021 zuwa gadar Kennedy ta 1970, dattijon na caka gora, Alhaji na rubutawa a littafin 'yan makaranta.

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu gorar kan nutse duka a tsakiyar hanya. A Maris aka fara samun wuraren da ruwa bai kai zobe na uku ba, wato mita ɗaya da rabi. A Mayu akwai inda bai kai na farko ba. Abin da ya fi ba shi mamaki shi ne hanyar ba ta zama wuri ɗaya: inda suka sami zurfi a Janairu, a Afrilu tudu ne, domin ƙoramu irin Kurtere na zubo yashi duk damina, ruwa kuma na ta kwashe shi yana sauke shi wani wuri. Dattijon ba ya duba littafi, launin ruwa da yadda fuskarsa ke murɗawa yake karantawa.

Sai maganar jigo. Lokacin da ruwa ya isa ɗaukar ƙafar jirgin, lokacin ne ya taso kusa da cikin gada, jigon mita 12 ba zai shige ba. Lokacin da ruwa ya sauka, ƙafar ta kafe. Sama da Yantala kuma ga madatsar Gudel. Ke nan jirgin da aka ƙera don ya yi kwanaki a teku zai ƙare yana kai-da-kawo cikin 'yan kilomitoci tsakanin gada biyu, wata huɗu a shekara, sauran watannin yana kwance a gefe guda bisa yashi ko a nemo ƙugiya a fitar da shi.

Dattijon ya saurari bayanin jirgin har ƙarshe, ya ce: "Alhaji, iya ruwa fidda kai. Jirgin da mutum shida ba za su iya turawa ba in ya kafe, ba na kogin nan ba ne."

Ya yi waya Kwatano ya janye. Rabin kafin alƙalamin aka mayar masa.

Yuli zuwa Disamba 2024: jirgi na uku

Shawarar ta fito ne daga bakin dattijon: a ƙera babban kwale-kwale na katako irin wanda kogin ya sani, a ɗora masa zane. Ba sabon abu ba ne, masu jigilar itace da kabewa sun daɗe suna ɗinka buhuna su kafa a gora in iska ta bi bayansu. Bambancin shi ne su iskar baya kawai suke amfana da ita, Alhaji kuwa yana son ya yi tafiya da iskar gefe.

Samun maƙeri ya ɗauki lokaci, domin tun rufe gada masu ƙera jirage suka koma Gaya inda fito ya zama sana'ar da ta fi kowace kawo kuɗi, katako ma ya yi tsada. Daga ƙarshe wani Bayawuri ya karɓi aikin. Tsawo mita 10, faɗi kusan mita 2 a tsakiya, ƙasa shimfiɗaɗɗe, an toshe haɗin katakon da auduga da kwalta. Da mutum takwas a ciki bai cin ruwa fiye da santimita 40. Aka yi rumfa a baya, benci biyu, tabarma, da wurin ajiye kula. Aka sa injin doki 15.

Gwajin farko a Oktoba bai yi ba. Alhaji ya sa an kafa jigo mai mita 7 da zanen tamfol mai faɗi, irin lissafin jiragen teku. Da iska ta buga, jirgin ya karkata har ruwa ya leƙo baki, ya kuma tafi a karkace ya shige cikin gonar shinkafar wani, sai da aka biya ɗan abin ban-haƙuri. Shimfiɗaɗɗen ƙasa ba shi da abin da zai riƙe ruwa da shi, ba shi da nauyin da zai mayar da shi tsaye.

Gyara uku aka yi. Aka rage jigon zuwa mita 5, mai walda a Katako ya yi masa gindi mai ƙusa guda yadda mutum biyu za su kwantar da shi kafin gada. Aka rage zanen zuwa wajen murabba'in mita 12, gajere mai faɗi, na yadi mai kauri, da layin igiyoyi da za a naɗe kashi ɗaya cikin uku in iska ta yi yawa. Na ukun shi ne ya warware matsalar: alluna biyu na katako, ɗaya a kowane gefe, kowanne rataye a ƙusa guda daga waje, dabarar da jiragen Holan suka daɗe da ita saboda ruwansu mara zurfi. Ana sauke na gefen da iska ke turawa. In ya taɓa yashi ba ya karyewa, lilo yake yi ya ɗago da kansa, har ma ya zama gargaɗi: da an ji yana gurzar ƙasa an san lokacin juyawa ya yi. Maƙerin da farko ya ƙi, yana cewa kunnuwa za a sa wa jirginsa. Da ya ga jirgin ya miƙe hanya sai ya yi shiru, ya ƙara wa allunan ƙarfe a baki don kada yashi ya cinye su.

2025: abin da aka samu

Jirgin ba shi da sauri. Da iska mai kyau yana ɗan fin mai sassarfa a ƙasa, kuma ba ya iya fuskantar iska sosai. In ta juyo ta gaba sai a tada inji. Amma ya yi aiki daga Oktoba har cikin Afrilu, ya huta a Mayu da Yuni, da damina kuma ba a ɗaga zane sam, saboda guguwar da ke riga hadari zuwa daga gabas ba ta ba da lokacin sauke shi.

Tsarin fitar ya zama haka: a hau da inji bayan la'asar, a kashe, a gangaro da ruwa da ɗan abin da ya rage na iska. Mai kaɗan ake ƙonawa, abin da ya yi amfani a Maris lokacin da aka yi ƙarancin fetur a Yamai, duk da a lokacin farashin hukuma bai tashi daga sefa 499 lita ba. Kowane yaro da rigar ceto, wannan Hajiya ce ta kafa sharaɗin. A Janairu sun je Bubon ranar Laraba, ranar kasuwa, kilomita kamar 25 sama da birni, suka dawo da tuluna da tukwane shimfiɗe cikin ciyawa a tsakiyar jirgi. Ayoru da yake mafarki tun yana Kwatano ba ta taso ba, saboda halin tsaro a jihar Tillaberi.

Ɗawainiyar ba ta ƙare ba. Jirgin katako yana shan ruwa, kullum sai an kwashe. Akwai yaron da ake biya yana kwana kusa da shi. Duk shekara sai an fito da shi an sake kwalta. Amma duk abin da ya lalace, ana samun mai gyara tsakanin Katako da bakin kogi a yini guda.

Laser ɗin bai sayar ba. Ɗansa ke hawa da safiyar hunturu.

Hukunci

A ganina kuskuren farko ba sayen jirgin tsere ba ne. Da kuɗi kaɗan ya koya masa iskar Yamai, kuma da babban ya fara saye da asarar ta fi haka nesa. Kuskuren shi ne shekara uku da ya yi yana kwatanta jirgi da jirgi, tsawo da tsawo, gado da gado, alhali tambayoyin da suka yanke maganar ba a jikin jiragen suke ba: nawa ne zurfin ruwa a Afrilu, ƙarfe nawa iska ke kwantawa, wa zai hau, wa zai gyara. Gorar da aka yi wa zobe da fenti ta amsa ta farko cikin rani ɗaya, kuma da ya nema da ya same ta tun 2019. Ba don an rufe iyaka ba, da jirgin tan 4 na kwance yanzu a yashin Yantala. Wannan sa'a ce, ba dabara ba.

Babban jirgin ba shi da laifi, a Kwatano ko Dakar shi ne zaɓin mai iyali. Abin da ya sa na ukun ya yi aiki shi ne ya ɗauki gangar jikin da kogin ya riga ya tace, ya aro abu ɗaya tak daga waje, allunan gefe, wanda kafinta zai iya yi.

Sai dai ban yarda da masu cewa ya sami duka biyun ba. Buƙatar iyali ta biya. Ta tuƙi, irin wanda ya sa shi son abin tun farko, ba ta biya ba, kuma shi ma bai ɓoye hakan. Yanzu yana maganar sayen zane ƙarami na Laser, mai murabba'in mita 5.76, wanda aka yi wa marasa nauyi, ko gwiwarsa za ta iya da shi a hunturu mai zuwa. Hajiya ta ce sai likita ya gani tukuna.